Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Makarantar Da Ya Kori Jakadan Faransa

Mutumin da za mu duba rayuwarsa a wannan fitowa ba baƙonki ba ne, don kuwa kin sha ƙulle shi a bakin zane. Ɗauko takardar naira biyar, in har kin samu, tunda yanzu ta yi wuyar gani, ki dubi dattijon nan da ke jikinta. Shi ne Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda har yau ba a sake yin wani ba. Allah Ya jiƙansa.

Yawancinmu abu biyu muka sani game da shi. Na farko daɗin murya da iya magana, har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Na biyu kisan gillar da aka yi masa a 1966. Akwai na uku da ba a cika gaya mana ba, shi ne kuma zan fi daɗewa a kansa. Shi ne mutumin da ya ɗora Nijeriya a kan turbar cewa in rigima ta haɗa ta da wata ƙasa, a zauna a yi sulhu ko a je gaban alƙali, makamin ƙare-dangi kuwa ba ta so, ba ta kuma yarda a gwada shi a kusa da ita ba. Kada ki ce wannan zancen maza ne da 'yan siyasa. In aka yi yaƙi, ɗan wa ake kaiwa? Wa ake bari da marayu?

An haife shi a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, ƙasar Bauchi. Ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, hidima yake yi a gidan hakimin Lere. Ya yi karatun allo, ya yi elementare, ya wuce makarantar Bauchi, daga nan a 1928 aka ɗauke shi Kwalejin Katsina, inda ya tarar da Ahmadu Bello yana gabansa da aji. Ya gama a 1933, ya dawo Bauchi ya kama koyarwa a makarantar Midil, har ya kai ga zama hedimasta. Malam ne na aji da allo da alli, kuma halin malanta bai taɓa barinsa ba: ya saurara, ya yi bayani a tsanake, ba ya ɗaga murya.

A farkon koyarwar nan tasa ne ya rubuta littafin Shaihu Umar, wanda ya fito a 1934. Na san da yawanku kun karanta shi a makaranta, amma ki sake tuna labarin da idon uwa. Yaro ne aka sace a zamanin harin bayi, aka ƙetara hamada da shi har ƙasar Masar. Uwarsa ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma aka kama ta aka sayar, ta sha wuya iri-iri, ba ta sake ganin ɗanta ba sai a Tarabulus, tana ganinsa kuma ba ta daɗe ba ta cika. Saurayi ɗan shekara 20 ko 21 ne ya zauna ya rubuta wannan. A ganina wanda ya iya hango abin da hari ke yi wa uwa tun yana wannan shekarun, ba abin mamaki ba ne in ya girma yana gudun zubar da jini. Ki riƙe hamadar nan a ranki, za mu dawo kanta.

A 1945 ya tafi Landan ƙaro karatun koyarwa na shekara guda. Da ya dawo sai siyasa ta ja shi. Ya shiga majalisar Arewa a Kaduna da majalisar dokoki ta ƙasa, a 1950 kuma ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e, a rage danniyar da ake yi wa talaka, abin da ba kowane ɗan talaka zai iya faɗa a gaban manya ba a wancan lokaci. Ya zama ministan ayyuka a Legas a 1952, daga baya ministan sufuri. Da farko shi kansa bai yarda Nijeriya za ta iya zama ƙasa ɗaya ba, ya ma faɗa a fili. Tafiyar da ya yi Amurka a 1955 don duba yadda ake sufuri a kogin Misisipi ita ta sauya masa tunani, da ya ga jinsi-jinsi na mutane sun taru sun zama al'umma guda. A 1957 ya zama Firayim Minista, Sardauna kuma, wanda shi ne shugaban jam'iyyarsu ta NPC, ya zauna a Kaduna.

To, yanzu mu koma hamada.

A ƙarshen shekarun 1950 Faransa ta ƙudura sai ta mallaki bam ɗin nukiliya kamar Amurka da Rasha da Ingila. Shi kuwa wannan makami sai an tayar da shi ake sanin ya yi. Ba su gwada a ƙasarsu ba. Sai suka zaɓi wani wuri da ake kira Reggane a tsakiyar Sahara, cikin Aljeriya, wadda a lokacin take hannunsu, ana ma tsakiyar yaƙin neman 'yanci. Hujjarsu wai ba kowa a wurin, alhali akwai garuruwa da gonakin dabino da Buzaye makiyaya. Tun 1959 hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi. Nijeriya ba ta da bakin kanta a duniya tukuna, harkokin wajenta na hannun Ingila, don haka gwamnatin Abubakar can ta kai kukanta. A watan Nuwamba na shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi Faransa ta fasa. Faransa ta yi kunnen uwar shegu.

Ranar 13 ga Fabrairu 1960 suka tayar da na farko. Ƙarfinsa ya ninka wanda Amurka ta jefa a Hiroshima a 1945 kusan sau huɗu. 'Yar'uwa, ki lura da watan. Fabrairu fa, lokacin hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙurar hamada ta sauke mana. Ke da kike share tsakar gida da safe, kafin azahar ya sake yin fari fat, kike rufe tulu da kwanon abinci, kike fama da tarin yara da fashewar leɓe, kin fi kowa sanin cewa abin da ya tashi a Sahara a ɗakinki yake kwana. Shi wannan bam, bayan wuta da rugugi, yana barin wani burbushi mai guba wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Yana bin iska, ya sauka a ciyawa, saniya ta ci, ya shiga nono, yaro ya sha. Cutarsa kuma ba lallai ta fito a ranar ba, tana iya ɗaukar shekaru kafin ta bayyana a matsayin ciwon daji. A lokacin Faransa ta yi ta cewa ba wani haɗari. Sai a 2014 wata jaridar Faransa ta buga taswirar sojojinsu da aka daɗe ana ɓoyewa, ta nuna burbushin bam ɗin farkon ya kai Chadi, ya zagayo Afirka ta Yamma har Bamako, cikin mako biyu kuma ya taɓa kudancin Turai. Ashe tsoron da iyayenmu suka ji ba na jahilci ba ne.

Suka tayar da na biyu a watan Afrilu. Ranar 1 ga Oktoba Nijeriya ta sami 'yanci. Ranar 27 ga Disamba suka tayar da na uku. A nan ne mutumin da kowa ya sani da sanyin hali ya ba duniya mamaki. Ranar 5 ga Janairu 1961 gwamnatinsa ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, awa 48 ya tattara nasa ya nasa ya bar Legas, ta kuma hana jiragen sama da na ruwa na Faransa sauka a ƙasar. Ki tuna fa, ƙasar wata uku ke nan da haihuwa, kuma a lokacin shi da kansa ke riƙe da ma'aikatar harkokin waje. Gana ta Nkrumah ta riga ta riƙe kadarorin Faransa tun bam na farko, amma yanke hulɗa ɗungurungum, sauran ƙasashe ba su biyo Nijeriya ba.

Matakin bai zo da sauƙi ba. Maƙwabtanmu, Nijar da Chadi da Dahomey, wato Benin ta yanzu, duk renon Faransa ne, kuma kayansu da dama ta tashoshin Nijeriya suke bi. Hana jiragen Faransa sai ya zama su ake horarwa. Da ya ga haka, bayan 'yan watanni ya janye takunkumin jiragen, ya bar yanke hulɗar jakadanci, wadda aka shafe shekaru kafin a maido. Wasu sun ce ya yi amai ya lashe. Ni dai ban ga haka ba. Wanda ya ɗaga sanda don ya doki ɓarawo, ya ga a kan maƙwabcinsa za ta sauka, in ya sauke ta ba tsoro ba ne. Faransa kuwa ba ta daina ba, a watan Afrilu na 1961 ta tayar da na huɗu, daga nan ta koma gwadawa a ƙarƙashin duwatsu a wani wuri da ake kira In Ekker. Kuma Janar de Gaulle bai manta ba. Masana tarihi da yawa na ganin wannan wulaƙanci na cikin abubuwan da suka sa Faransa ta karkata ga Biyafara a yaƙin basasa.

In kika auna da mudun ranar, kamar bai ci riba ba. Amma ki bi zaren. A watan Nuwamba 1961, bisa neman ƙasashen Afirka, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira da a ɗauki Afirka a matsayin nahiyar da ba a yarda da makaman nukiliya a cikinta ba. A 1962 aka kafa kwamitin ƙasashe 18 a birnin Janiba don tattauna kwance ɗamarar yaƙi, aka sa ƙasashe takwas 'yan ba-ruwanmu a ciki don su shiga tsakanin Amurka da Rasha. Daga Afirka uku ne: Masar, Habasha da Nijeriya. A 1963 manyan ƙasashen suka amince su daina gwaji a sararin sama da cikin ruwa, Nijeriya ta sa hannu, Faransa ta ƙi. A 1964 shugabannin Afirka suka yi shelar raba nahiyar da wannan makami a Alƙahira. Shelar ce ta daɗe tana jan ƙafa, har ta zama yarjejeniyar Pelindaba da aka sa wa hannu a 1996, ta fara aiki a 2009. Gwamnatocin da suka biyo bayansa, na soja da na farar hula, duk saɓaninsu ba su sauka daga wannan layi ba. Nijeriya na cikin na farko-farko da suka shiga yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya a 1968, ta kuma tabbatar da ta haramta su baki ɗaya a 2020.

Wannan ke nan game da bam. Ɗaya ɓangaren, na sulhu, ya fi wuyar bayani don ba shi da rugugi, amma shi ya fi shafarki.

Kwana shida bayan 'yanci, ranar 7 ga Oktoba 1960, Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya, Abubakar kuma ya tsaya a gaban taron a New York. Abin da ya gaya musu a taƙaice shi ne Nijeriya na son zama lafiya da kowa, ba ta da kwaɗayin ƙasar kowa, kuma ba za ta bi wani ɓangare ido rufe ba. Maganar kwaɗayin ƙasa ba ƙarama ba ce. Kin san yadda Turawa suka ja iyakokin nan. Tsakanin Daura da Damagaram, tsakanin Katsina da Maraɗi, uwa na wannan ƙasa 'yarta na aure a waccan. Nijeriya ta fi duk maƙwabtanta yawan jama'a nesa ba kusa ba, da shugabanta mai son faɗaɗa mulki ne, da hujja ba za ta yi masa wuya ba, sai ya ce yana haɗa 'yan'uwa ne. Shi ra'ayinsa, iyakokin nan ko da karkatattu ne a bar su yadda aka gada, sai in mutanen wurin da kansu suka zaɓi sauyi, don in aka fara warwara ba wanda ya san inda za a tsaya. Haka aka yi da yankin Kamaru da ke hannun Ingila: a watan Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, arewacinsa, su Mubi da Gwoza da Gembu, ya zaɓi Nijeriya, kudancinsa ya zaɓi Kamaru, kowa ya tafi inda ya zaɓa ba a harba ko harsashi ɗaya tsakanin ƙasashen biyu ba.

A lokacin shugabannin Afirka sun rabu gida biyu. Su Nkrumah da Sekou Toure da Nasser, da aka fi sani da rukunin Kasabalanka, suna son a haɗe nan take, gwamnati ɗaya, rundunar soja ɗaya. Su Abubakar da Tubman na Laberiya da Senghor na Senegal, rukunin Monrobiya, suna cewa a bi a hankali, kowa ya riƙe gidansa, kada wani ya sa baki a cikin gidan wani, a fara da ciniki da hanyoyi da waya. Ya karɓi baƙuncin taronsu a Legas a Janairu 1962. Da aka haɗu a Addis Ababa a watan Mayu 1963 aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, da ƙasashe 32, tsarin da aka amince da shi ya fi kusa da nasu, kuma a cikinsa aka rubuta cewa duk rigimar da ta tashi tsakanin ƙasashen za a kashe ta ne ta hanyar tattaunawa, ko shiga tsakani, ko sasantawa, ko alƙalanci. Ministan shari'arsa, Dokta Taslim Elias, wanda daga baya ya shugabanci Kotun Duniya, na cikin waɗanda suka tsara rubutun. Ba a rufe shekara ba Maroko da Aljeriya suka gwabza a kan iyaka, aka sa Nijeriya cikin ƙasashe bakwai masu shiga tsakani. Gaskiya dai hukumar sulhun da OAU ta kafa a takarda ta ƙare, kusan ba wanda ya taɓa kai ƙara gabanta. Shugabanninmu sun fi son a kira dattijo ɗaya ko biyu a shiga ɗaki a rufe ƙofa, kamar dai yadda ake kashe rigimar gida.

Kada ki ɗauka ba ya aika soja ko'ina. Ya aika, amma raba faɗa. Kwango ta rikice tun makon farko na 'yancinta a 1960, sojojin Nijeriya da 'yan sanda suka tafi a ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, suka zauna har 1964. Jaja Wachuku ya shugabanci kwamitin sasanta 'yan Kwango, Janar Aguiyi-Ironsi kuma shi ne kwamandan rundunar na ƙarshe. A 1964, da sojojin Tanganyika suka yi bore, bataliyar Nijeriya ce ta je ta karɓi sojojin Ingila don Nyerere ya sami sararin kafa sabuwar runduna. A shekarar ce kuma Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da tafkin Chadi, don ruwa da kifi kada su zama sanadin faɗa.

Yanzu ga wanda na fi so ki riƙe. A 1965 gwamnatinsa ta aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya takarda cewa Nijeriya ta yarda Kotun Duniya da ke birnin Heg ta yi mata shari'a da duk ƙasar da ita ma ta ba da irin wannan yarda. Ba dole aka yi mata ba, ƙasashe da yawa har yau ba su bayar ba. Takardar ta kwanta shekara kusan 30. A tsakanin nan rigimar Bakasi, wani yanki mai kifi da man fetur a bakin teku, ta yi ta ci tsakaninmu da Kamaru. A 1981 an kashe sojojin Nijeriya biyar, mutane suka yi ta kiran a ɗau fansa, Shehu Shagari ya ƙi shiga yaƙi. A farkon shekarun 1990 aka sake ba hamata iska. Sai a 1994 Kamaru ta ba da irin waccan yarda, ta shigar da ƙara, tana dogaro da takardar nan ta zamanin Abubakar. Nijeriya ta yi ƙoƙarin cewa kotun ba ta da hurumi, kotu ta ce tana da shi. Ranar 10 ga Oktoba 2002 aka yanke hukunci, Bakasi ta Kamaru ce. Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a kan yadda za a aiwatar a 2006, Kofi Annan na tsakani, aka kammala miƙawa a watan Agusta 2008.

Ba zan ɓoye miki ba, hukuncin ya yi ciwo. Dubban masunta 'yan Nijeriya sun wayi gari a ƙasar da ba tasu ba, da yawa sun bar gidajen da aka haife su, alkawuran sake tsugunar da su kuma ba a cika yadda ya kamata ba. A bakin tafkin Chadi ma ƙauyuka sama da 30, ciki har da Darak, sun koma Kamaru, kuma akwai Hausawa da Barebari a cikinsu. Har gobe akwai masu cewa an yi sakaci da ƙasa. Ina jin zafinsu. Amma ki ɗora wannan a kan sikeli da abin da ya faru tsakanin Habasha da Eritiriya, waɗanda suka yi yaƙi daga 1998 zuwa 2000 a kan wani ƙaramin gari mai suna Badme, aka kashe dubun-dubatar samari, a ƙarshe kuma dai gaban masu shari'a aka koma. Iyakarmu da Kamaru ta fi kilomita 1,500, daga tafkin Chadi har teku. Da wuta ta kama, da Borno da Adamawa da Taraba ne filin daga. Yau kundin tsarin mulkinmu na 1999, a sashe na 19, ya lissafa sasanta rigingimun ƙasa da ƙasa ta hanyar tattaunawa da shiga tsakani da shari'a cikin manufofin Nijeriya.

Mutum tara yake bai cika goma ba, kuma tarihi ba waƙar yabo ba ce. An zarge shi da kusanci da Ingila fiye da kima. Yarjejeniyar tsaron da ya ƙulla da su lokacin 'yanci ta tayar da ƙura, ɗaliban jami'ar Ibadan suka yi zanga-zanga har majalisa, sai da aka soke ta a Janairu 1962. Da aka kashe Lumumba a 1961, matasa da yawa sun ga Nijeriya ta yi sanyi. Ya ƙulla hulɗa da Isra'ila, abin da Sardauna ya fito fili ya nesanta Arewa da shi. A gefe guda kuma yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a taron ƙasashe renon Ingila na 1961 har Afirka ta Kudu mai wariyar launin fata ta fice. Babban abin da ya fi nauyi shi ne cikin gida. Mutumin da ke kashe wutar maƙwabta, tasa na ci a bayan ɗaki. Rikicin Jihar Yamma da dokar ta-ɓaci a 1962, ɗaure Awolowo a 1963, gardamar ƙidaya, tura soja ƙasar Tibi a 1964, zaɓen 1964 da aka ƙaurace wa a wurare da dama, sai zaɓen Yamma na Oktoba 1965 wanda aka tafka maguɗi, aka shiga ƙona gidaje da mutane. Jam'iyyarsa na ƙawance da gwamnatin da ake zargi, shi kuma ya yi ta jira wai ƙura za ta lafa. A nan haƙurin da ya yi masa rana a waje ya zama jinkiri. Mai shiga tsakani sai ba shi da ɓangare, a gida kuwa yana da shi.

A watan Nuwamba 1965 Turawa 'yan tsiraru na Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, suka ɓalle daga Ingila don kada mulki ya koma hannun baƙar fata. OAU ta yanke shawarar kowa ya yanke hulɗa da Ingila in ba ta murƙushe su ba. Wasu ƙasashe, irin su Gana da Tanzaniya, suka yanke. Abubakar ya ƙi, ya ce a zo a zauna. Ya kira taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas, ranakun 11 da 12 ga Janairu 1966, karo na farko da aka yi irinsa a wajen Landan, Firayim Ministan Ingila Harold Wilson ya zo da kansa. Ana zaman sulhun wata ƙasa a cikin birni, a kan hanyoyin bayan gari kuwa ana tare motoci ana cinna musu wuta.

Baƙi suka watse. Kwana uku bayan rufe taron, cikin daren da ya wayi Asabar 15 ga Janairu, a goman ƙarshe na watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Emmanuel Ifeajuna suka shiga gidansa suka tafi da shi. A daren ne aka kashe Sardauna a Kaduna tare da uwargidansa, aka kashe Akintola a Ibadan, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Manjo Nzeogwu da ya jagoranci na Kaduna yana cikin waɗanda suka je aikin raba faɗa a Kwango. Iyalinsa suka yi kusan mako guda ba su san inda yake ba, sai daga baya aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta. Aka kai shi Bauchi aka binne, ana dab da ƙaramar salla. Shekararsa 53. Ya bar mata da 'ya'ya da yawa, mafi yawansu ƙanana, bai bar wata dukiyar a zo a gani ba, sai gidansa na Bauchi da gona.

Wata guda bayan haka, ranar 16 ga Fabrairu 1966, Faransa ta tayar da bam ɗinta na 17 a Sahara, shi ne kuma na ƙarshe. Wa'adin da Aljeriya ta ba ta a yarjejeniyar 'yanci ya kusa cika, sai ta kwashe kayanta ta koma gwaji a tsibiran tekun Pasifik har 1996. A 2010 ta yi dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajen suka cutar, amma Aljeriyawan da suka samu ba su taka kara sun karya ba, kuma har yanzu akwai tarkace mai guba binne a cikin yashin Reggane.

Kabarinsa na nan a cikin garin Bauchi, an gina masa hubbare, ana shiga ziyara. In Allah Ya kai ki garin, ki shiga da yaranki ki yi masa addu'a. Allah Ya gafarta masa, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.